Binne a Kan Takarda

  Jama'a masu saurare, yaya sanyi?

Na tambayi sanyi ne saboda shekaranjiya da asuba, da na tsiyayo ruwan buta zan yi alwala, sai na ji ya cije ni a yatsu. Na fito zan tafi masallacin layinmu a nan Gyadi-Gyadi, na ɗaga kai, taurari duk sun dushe, wani farin hazo ya kwanta a kan rufin gidaje. Da aka idar da salla na ɗan taka zuwa bakin Court Road. Fitilun adaidaita sahu masu nufar titin Zariya sai ka ce an yafa musu mayafi. Mai shayi har ya hura wuta, mutum uku sun kewaye shi, kowa ya cusa hannuwansa a hammata. Ko ba a gaya maka ba, ka san kwanan nan masu gwanjo a kasuwar Tarauni za su farke dilar rigunan sanyi, masu man kaɗanya kuma kakarsu ta yanke saƙa, domin ga faso da fashewar leɓe nan tafe.

Na dawo gida na jawo wani littafi da nake ajiyewa a ƙarƙashin akwatin rediyona. Na sa kwanan wata, na Musulunci da na boko, sannan na rubuta layi ɗaya: yau hunturu ya leƙo. A kan wannan layi ɗaya nake so mu yi hira yau.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, gadonta na yi. Kakana, wanda duk gidanmu muke kira Malam, mai karatun allo ne kuma manomi. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, aka buɗe gafakarsa, sai ga waɗansu takardu a bayan littattafansa, gara ta ɗan taɓa gefensu. Da ajami ya rubuta su, da tawadar da shi yake haɗawa da kansa, ta gawayi da ƙaro. Babu waƙa a ciki, babu wa'azi. Abin da ke ciki shi ne: ran kaza aka yi ruwan fari, ran kaza muka yi shuka, ran kaza aka haifi wance, bana fara ta sauka a gonar gabas, ran kaza Allah ya karɓi ran wane, mudun gero ya kai kaza. Shekara bayan shekara, da hannu ɗaya, har inda rubutun ya fara karkarwa saboda tsufa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake ƙirga lokaci. Malam lissafi biyu yake riƙewa. Akwai na wata, wanda da shi ake azumi da salla da aikin hajji. Akwai kuma na taurari, wanda da shi ake noma. Malaman ƙasar Hausa sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane da kwana 13, sai guda ɗaya mai kwana 14, ka ga an tashi da 365 ke nan. Kowane yanayi yana da bakwai. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. In sun wuce sai Sarfa ta buɗe na kaka, sannan a shiga na ɗari, sannan na bazara, inda Suraiya take, wadda mu Hausawa muke kira Kaza Mai 'Ya'ya. Tsoho zai zauna a ƙofar gida ya ce yanzu muna cikin tauraro kaza, saura kwana kaza a fita. Na tuna wata rana wani baƙo ya ce masa, "Malam, ai tauraron nan shi ke kawo ruwa." Malam ya ɗago kai ya ce, "A'a, ɗana, gyara maganarka. Tauraro alama ne. Mai ba da ruwa Allah ne." Bai ƙara komai ba, ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa.

To mu fa, 'yan birni? Dubi sunayen unguwannin da ke kewaye da mu a wannan ƙaramar hukuma ta Tarauni: Darmanawa, Daurawa, Unguwa Uku, Ƙauyen Alu. Sunan na ƙarshen nan kaɗai ya isa ya gaya maka abin da wurin yake a da. Dattawan da suka girma a nan za su nuna maka inda aka yi bene yau, su ce nan gonar dawa ce, can kuma muna kiwon awaki. Birni ya haɗiye gonakin, ya haɗiye har da lissafin. Yaron da aka haifa a Gyadi-Gyadi yau da wuya ya san cewa zuwan shamuwa bushara ce ta damina. Da wuya ya san agazari, zafin nan da ke zuwa a ƙarshen damina lokacin da amfanin gona ke nuna. Da wuya ya taɓa lura da gawo, bishiyar da ke kaɗe ganyenta lokacin da kowa ke kore, ta kuma yi kore shar lokacin da kowa ya bushe.

Mun koma sanin yanayi ta wahalarsa kawai. Bazara a wurinmu ita ce zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da kwana a tsakar gida, da tsadar ƙanƙara, da fargabar sanƙarau. Damina ita ce kwata ta cika ta shigo ɗaki, da sauro, da layin masu zazzaɓi a asibiti. Hunturu shi ne tari da mura da gobara, da hazon da ke hana jirgi sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Duk gaskiya ne. Amma mutumin da ya san yanayi ta ƙuncinsa kaɗai, a kowace shekara zai rantse cewa ba a taɓa irin ta bana ba. Kuma wanda ya yi ta maimaita wa kansa wannan magana, sannu a hankali zuciyarsa takan yanke ƙauna, ko bai faɗa da baki ba.

Nan ne littafin nan ya yi mini amfani. Idan zafi ya tsananta, na ji raina ya fara ƙunci, sai in buɗe shafin bara da na bara waccan. Sai in ga na rubuta irin wannan kukan a irin wannan makon. In juya shafi biyu ko uku, sai in tarar da hannuna ya rubuta: daren jiya hadari ya haɗo daga gabas, an yi iska, an yi ruwa, gari ya yi ƙamshin ƙasa, yara sun fita kamun shinge a gindin fitila. Littafin bai rage zafin da ko ɗigo ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna mini cewa zafin yana da wa'adi, kuma ni da kaina na shaida cikar wa'adinsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Dubi azumi ma. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, saboda haka Ramadan yana zagaya yanayi duka cikin kimanin shekara 33. Waɗanda suka yi wayo a ƙarshen 1999 sun yi azumi a Disamba, ana sahur ana rawar ɗari. A 2010 ya faɗo a Agusta, cikin marka, ana tafiya tafsiri da lema. A 2016 ya zo a Yuni. Daga 2020 zuwa 2023 kuwa ya ratsa tsakiyar bazara, aka sha ƙishirwar da har yanzu ana labarinta. A 2025 an ɗauke shi a farkon Maris, kuma lissafi ya nuna zuwa 2030 zai koma Janairu, cikin sanyi. Yaron da ya fara azuminsa na fari cikin zafin Afrilu yana iya zaton haka azumi yake har abada. Tsohon da ya ga zagayen sau biyu ya san ba haka ba ne. Rubutu yana ba matashi ɗan abin da tsufa ke ba dattijo, tun kafin furfura ta fito.

Akwai wata kalma ta manoma da nake so 'yan birni su riƙe, ita ce binne. Binne shi ne manomi ya fita a ƙarshen bazara, ƙasa a bushe ƙamas, babu ko gizagizai a sama, ya sari rami ya jefa ƙwayar gero ya rufe da ƙafa, ya koma gida. Bai ga ruwa ba. Hatsin da ya binne kuwa da zai iya zama kunun 'ya'yansa na wannan daren. Yana yi ne don in ruwan fari ya sauka ya tarar da iri yana jiransa, shukarsa ta riga ta kowa tashi. Ni dai ban san wani aiki da ya fi wannan fassara kyautata zato ga Allah ba.

Kada kuma a ɗauka manomin nan bai san haɗarin abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Ana iya yin ɗan yayyafi, iri ya tsiro, ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta ƙone. Tsuntsaye da ɓeraye suna iya tone ramukan. Shi ya sa mai hankali ba ya juye duk irinsa a binne, yakan rage na sake shuka a rumbu. Ƙasar nan ta ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ta ga farin 1973 da na 1984, ta ga ambaliyar Agustan 1988 da ta fasa madatsar ruwa ta Bagauda. Jikokin waɗanda suka ga waɗannan shekaru har yau suna fita binne. Kuma ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da ake karanta mana a tafsiri kowace shekara, ai darasin ke nan: an ga shekarun fari suna tafe, ba a zauna ana kuka ba, ba a kuma ce ai ba za su zo ba, sai aka yi tanadi a shekarun wadata, aka bar hatsi a zangarniyarsa.

A ganina duk wanda ya ɗauki alƙalami binne yake yi. Yana sa magana a takarda alhali bai ga mai karantawa ba. Malam bai san jikansa zai zauna gaban makirufo wata rana yana ba da labarin takardunsa ba. Ya rubuta ne kawai, ya rufe, ya bar wa Allah.

Haka adabinmu ya tashi. A 1933 da aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, masu iya karatun boko a ƙasar Hausa ba su da yawa. Duk da haka Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, ga shi har yau ana karanta su a makarantu. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Sannan a shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasan Kano maza da mata suka fara haɗa 'yan kuɗinsu suna buga littattafansu da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, shi da abokansa na ƙungiyar Raina Kama. An raina su, an kira aikinsu adabin kasuwa. Amma mata nawa ne a cikin gidajen Tarauni da Gyadi-Gyadi suka dage suka iya karatun Hausa don kawai su karanta littattafan nan da kansu, ba sai an karanta musu ba? Wannan iri a busasshiyar ƙasa aka jefa shi, ruwa kuma ya same shi.

Ba ma sai an je ga marubuta ba. Akwai mai kanti a bakin layinmu da yake da wani dogon littafi, bangonsa ya yi baƙi saboda maiƙo. Littafin bashi ne. Rannan na tarar yana rubuta wa wata dattijuwa garin masara da man gyaɗa. Bayan ta tafi na ce, "Alhaji, ba ka gajiya da wannan littafin?" Ya ce, "Malam, ai ranar da na daina rubutawa, na daina sa ran mutanen unguwar nan za su samu ke nan." Na daɗe ina juya maganar nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, can wajen ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya rubuta bashi ya yarda akwai gobe, ya yarda maƙwabcinsa zai kai goben, ya kuma yarda zai zo da abin biya a hannu. Uwar adashe da ke rubuta zubi da kwasa a littafin makarantar 'yarta ita ma haka ne.

Sai dai akwai shafuffukan da ba na son buɗewa, kuma ba zan ɓoye muku su ba. Na Afrilu da Mayun 2020 ne. An kulle Kano saboda korona, azumi ya kama cikin kullen, masallatai a rufe, titin Zariya da ba ya barci ya yi tsit har kana jin kukan kurciya da rana tsaka. A makonnin nan garin nan ya yi rashin dattawa da yawa, malamai da 'yan boko da 'yan kasuwa. Mu da muke kusa da asibitin Malam Aminu Kano mun ga abin da muka gani. A littafina akwai ranar da ba komai a cikinta sai sunaye uku da addu'a. Kullen ya wuce, an buɗe masallatai, damina ta sauka a kan lokacinta kamar ba abin da ya faru. Waɗancan mutane kuwa ba su dawo ba. Saboda haka idan na ce a kyautata zato, ba ina nufin duk abin da ya tafi zai dawo kamar yadda mangwaro ke dawowa ba. Wani abin sai a lahira. Amma na gode wa Allah da na rubuta sunayensu, domin duk shekara in na zo shafin sai na tsaya na yi musu addu'a, da kuwa tuni hidimar duniya ta mantar da ni waɗansu.

Littafin ya koya mini wani bambanci kuma, wanda nake ganin muna yawan cakuɗa shi. Akwai abin da Allah yake jujjuyawa, akwai abin da hannunmu ya jawo. Zafi da sanyi da ruwa suna zuwa su wuce ba da izinin kowa ba. Amma na duba na ga shekara biyar a jere ina rubuta cewa ruwa ya shiga gidajen ƙasan layinmu a watan Agusta, kuma a duk shekarun biyar dalilin ɗaya ne: magudanar ruwa ta toshe da leda da robobi da sharar da mu muka zuba tun rani. Wannan ba yanayi ba ne, kuma rashin adalci ne mu kira shi ƙaddara mu naɗe hannu. Haka farashin abinci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 lambobin da nake rubutawa a gefen mudun shinkafa da kuɗin mota suka yi tsalle, kuma ba tauraron da zai faɗi ya mayar da su inda suke. Wannan na buƙatar shugabanni masu tsoron Allah, da 'yan kasuwa masu tausayi, da talakawa masu tambaya. A bazarar da ta wuce na ɗauki littafin na nuna wa dattawan layinmu bayan sallar isha'i. Asabar biyu matasa suka yi suna yashe kwatar kafin ruwan fari. Da marka ta zo ruwa ya taru, amma bai haura dokin ƙofar kowa ba. Na rubuta wannan ma.

Wani zai ce ai yanzu kowa marubuci ne, ga waya a hannu, ga Facebook, ga WhatsApp. Haka ne, kuma ban raina shi ba, matasanmu suna rubuta Hausa yau fiye da kowane zamani. Amma yawancin abin da muke rubutawa a can don a gani ne yanzu-yanzu, a yaba ko a tanka. Wayar kuma in ta faɗa ruwa ko aka sace ta, ta tafi da shekarunka. Ko almajiri da ke wanke allonsa ba ya wankewa sai abin da ke kai ya zauna a ƙirjinsa. Mu kuwa muna shafewa tun ba mu riƙe ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Uwargida, maigida, ɗalibi, ɗan adaidaita, mai gadi da ke kwana da rediyo a kunne, a nemi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya saba. Ba sai kullum ba, ba kuma sai an iya tsara magana ba. Ranar da aka fara ganin ɗanyar gyaɗa da gasasshiyar masara a bakin titi, a rubuta. Ranar da jariri ya yi haƙori, ranar da aka biya wani bashi da ya daɗe yana hana barci, ranar da aka fita sallar roƙon ruwa da ranar da ruwan ya sauka. A rubuta abin da aka roƙa, a bar fili a gabansa. Na sha komawa na cike irin wannan fili bayan wata uku, wani bayan shekara huɗu. Waɗansu har yanzu fari fat suke, ina jira.

Jiya da daddare 'yata ƙarama ta same ni ina rubutu, ta ce, "Baba, me ya sa ka tsallake layi a nan?" Na ce mata ta je ta dubi bishiyar mangwaron da ke bayan masallaci. Yanzu ƙura ta rufe ganyenta, ta yi fururu, ba mai kallonta. Amma cikin wannan sanyin da wannan hazon take fitar da fure, 'ya'yan kuma sai zafin bazara ya nunar da su. Na ce layin na ranar da za mu fara ganin furen ne. Ta ce ita za ta riƙa dubawa kullum in za ta tafi islamiyya, kuma in ta gani ita za ta rubuta da hannunta. Na miƙa mata biron.

 A lulluɓe yara da kyau, a kuma kashe garwashi kafin a kwanta.